Kallon Fure Ba Zaman Kashe Wando Ba Ne

Mai karatu, abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta ɓarke tsakanina da wani abokin karatuna ran nan, bayan mun fito daga darasin fassara. Muna zaune a gindin mangwaron nan na bayan sashenmu, sai na buɗe masa wasu hotuna a wayata, waɗanda na ɗauka a birnin Tokiyo na ƙasar Japan. A cikin hotunan ga mutane nan dubbai, manya da yara, sun shimfiɗa ledoji a ƙasa sun zazzauna ƙarƙashin wasu itatuwa da suka yi fari fat da fure. Ya dube su da kyau, ya ce, "Malam, me ake yi a nan? Biki ne, ko wani babban mutum ake jira?" Na ce masa ba ko ɗaya, fure suka zo kallo. Sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Lalle ƙoshi ya yi rana! Mu muna nan muna fafutukar kuɗin makaranta, wasu na can suna kallon fure. Wannan ai zaman kashe wando ne."

Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da aka fara ba ni labarin abin, haka na ce a raina. Kafin in dawo jami'a neman digiri na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma a bakin wannan aiki ne aka tura mu wani ɗan gajeren kwas a Japan, wanda ya ƙare daidai da ƙarshen watan Maris na 2019. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Abin da na gani da idona, da abin da na bi diddigi na karanta daga baya, su suka sa na sauya ra'ayi. A yau ina da yaƙinin cewa wannan al'ada makaranta ce da ta koya wa al'umma guda lura da lokaci, kuma ribar da aka ci daga wannan lura ta wuce ta nishaɗi nesa ba kusa ba. Ga hujjojina, mai karatu ya yi mana alƙalanci.

Mene Ne Hanami?

Japanawa na kiran wannan al'ada hanami. A harshensu hana na nufin fure, mi kuma kallo, wato dai "kallon fure" ke nan kai tsaye. To amma in an faɗi kalmar haka kawai, fure guda ake nufi, shi ne na itacen sakura, wanda ake shukawa saboda furensa, domin 'ya'yansa ƙanana ne, ba wanda ke kai su kasuwa. Irin da ya fi yawa a ƙasar yakan ƙare lokacin sanyi tsirara, ba ganye ko ɗaya, kai ka ce ya bushe. Da zarar ɗumi ya fara shigowa sai ya fashe da fure tun kafin ganye ya fito. Masu fassara a kafofin labarai kan kira wannan lokaci bazara, amma yana da kyau mu 'yan sashen Hausa mu lura da bambancin. Bazararmu zafi ce mai sa a kwana a tsakar gida. Tasu kuwa sanyi ne ke janye jiki sannu a hankali, mutum na sanye da rigar sanyi yana kallon furen.

Furen ba ya daɗewa. Daga ranar da ya fara buɗewa zuwa ranar da itacen ya cika, kamar mako guda ne. Bayan wani makon kuma sai ya fara zuba, in kuwa aka yi ruwa da iska mai ƙarfi ko hakan ba ya kaiwa. Duk wanda ya ce sai ya gama abin da ke gabansa, to sai baɗi in da rabo.

Wurin da aka kai mu shi ne lambun shaƙatawa na Ueno, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, tun 1873 ake da shi. Akwai wata doguwar hanya a tsakiyarsa, itatuwan sakura jere dama da hagu, rassansu sun haɗe a sama kamar rumfa. A wancan lokaci gefen hanyar cike yake da shuɗɗan ledoji, kuma ba mai taka leda da takalmi, sai ya tuɓe ya ajiye a gefe, kamar yadda muke yi wa tabarma. Na ga wani saurayi cikin kwat zaune shi kaɗai a tsakiyar wata ƙatuwar leda tun da hantsi. Tafintanmu ya ce ai al'ada ce a ofisoshi da yawa a tura ƙaramin ma'aikaci ya kama wuri, ya jira manyansa har su taso aiki da yamma. Kowane rukuni da abincinsa a 'yan akwatuna, ga kuma dango, wasu 'yan curi-curi na garin shinkafa da ake jerawa uku a tsinke, ɗaya ruwan hoda, ɗaya fari, ɗaya kore. Da magariba aka kunna fitilu na takarda, kallo ya ci gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da wata 'yar iska ta kaɗa, furen ya fara saukowa a kanmu kamar ana sheƙar hatsi. Wani tsoho da matarsa da ke kusa da mu suka daina ci, suka ɗaga kai, suka yi shiru har iskar ta lafa. Ba hoto suka ɗauka ba, ba su ce da juna komai ba. A nan na fara zargin cewa akwai abin da ban gane ba.

Daga Fada Zuwa Ga Talaka

Al'adar ta samo asali ne daga fada. A zamanin da birnin Nara ke fadar mulki, wato daga 710, furen da fadawa suka fi yabo shi ne na ume, wani itace da aka kawo daga Sin. A cikin Man'yoshu, kundin waƙoƙinsu mafi daɗewa, waƙoƙin da suka ambaci ume sun haura 100, na sakura kuwa ba su kai 50 ba. Bayan fada ta koma Kiyoto a 794 sai sakura ya karɓe girman. Littafin tarihin fada mai suna Nihon Koki ya rubuta cewa a shekarar 812 Sarki Saga ya shirya zaman kallon fure a lambun Shinsen-en. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, za mu dawo kanta.

Daga sarakuna abin ya koma hannun mayaƙa. A 1598 Toyotomi Hideyoshi, wanda ya haɗe ƙasar ƙarƙashin ikonsa, ya sa aka dasa itatuwa kusan 700 a harabar wurin ibada na Daigo-ji da ke Kiyoto, ya yi gagarumin zaman kallo da mutum fiye da 1,000. Watanni kaɗan bayan nan ya rasu. Wanda ya fi taimakawa wajen kai abin ga talaka shi ne Tokugawa Yoshimune, mai mulkin soja na takwas a gidansu, wanda a 1720 ya sa aka dasa itatuwa fiye da 1,200 a tudun Asukayama, aka bar wa mutanen gari su je su sha iska. Shekara 300 ke nan, kuma har gobe ana zuwa kallon fure a wannan tudu. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

A cikin ƙarni na 19 masu lambu na ƙauyen Somei, wanda yanzu ya shige cikin Tokiyo, suka yaɗa wani iri da ake kira Somei Yoshino. Shi ne ya mamaye lambuna da bakin koguna da harabar makarantu a yau. Ba a shuka shi daga ƙwallo, aure ake yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro, saboda haka duk itatuwan wannan iri tamkar rassan itace guda ne. Wannan ya sa in suna wuri ɗaya, suka sha sanyi ɗaya da ɗumi ɗaya, sai su buɗe kusan rana ɗaya. Ba tare da niyya ba, masu lambun Somei sun rarraba wa ƙasarsu ma'aunin zafi mai rai.

Furen Da Hukuma Ke Ƙirgawa

Ga hujjata ta farko. Tun 1953 hukumar kula da yanayi ta Japan ke rubuta ranar buɗewar sakura a sassan ƙasar. Kowane yanki da itacen da aka keɓe don awo. Na Tokiyo yana harabar wurin ibada na Yasukuni. Idan lokaci ya yi sai jami'an hukumar su je su tsaya a gindinsa suna ƙirga fure, 'yan jarida na kewaye da su. Da an ga fure biyar ko shida sun buɗe, sai a sanar cewa lokacin sakura ya kama. In kashi 80 cikin 100 suka buɗe, an ce ya cika. Da yake ƙasar doguwa ce daga kudu zuwa arewa, furen kan faro daga kudu mai ɗumi cikin watan Maris, ya yi ta hawa har ya isa tsibirin Hokkaido a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Gidajen talabijin kan zana wannan tafiya a kan taswira kamar yadda ake nuna tafiyar hadari.

Har lissafi gare su na hasashe wanda ɗan makaranta zai iya yi. Daga 1 ga Fabrairu a riƙa tara ma'aunin zafi mafi girma na kowace rana, idan jimla ta kai wajen 600 to furen na gab da buɗewa. A matsayina na tsohon malamin firamare wannan ya burge ni, domin ga tarawa, ga kimiyya, ga kuma itacen a harabar makaranta zai nuna wa yaro ko lissafinsa ya yi daidai.

Don mai karatu ya san girman abin a wurinsu, a watan Maris na 2007 hukumar ta fitar da hasashen ranar buɗewa wanda ya zo da kuskure a wasu garuruwa, ciki har da Tokiyo, saboda matsalar da aka samu a lissafin kwamfuta. Sai da jami'anta suka fito gaban jama'a suka nemi gafara. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Daga 2010 hukumar ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu aikin hasashe, ta ci gaba da nata na awo da rubutawa. Ƙasar da hukuma ke neman gafara saboda ta kuskure ranar fure, ka san ba za ta yi wasa da lokacin jirgin ƙasa ba.

Abin Da Littattafan Kiyoto Suka Ɓoye

Hujjata ta biyu ita ce babba. Sarakuna da fadawa da masu hidimar wuraren ibada na Kiyoto suna da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru kowace rana. Wani zai rubuta cewa yau an yi zaman kallon fure a fada, wani ya ce yau itatuwan dutse sun cika. Ba su yi don kimiyya ba, shagalinsu kawai suke rubutawa. Sai wani masani na wata jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya shafe shekaru yana tonon waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce, yana mayar da kwanan watansu na da zuwa kalandar yau. Da haka ya jera ranakun cikar fure a Kiyoto tun daga wancan zama na Sarki Saga na 812 har zuwa zamaninmu. Akwai shekarun da ba a sami rubutu ba, musamman na farko-farko, amma duk da haka jerin na cikin mafi tsawo irinsa a duniya, shekara fiye da 1,200.

Me jerin ya nuna? Ƙarni bayan ƙarni furen kan cika ne wajen tsakiyar Afrilu, wata shekara ya yi gaba kaɗan, wata ya yi baya. Daga ƙarni na 19 sai ya fara matsowa, bai kuma koma ba, har ya zama farkon Afrilu ne lokacinsa. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris. Kafin wannan shekara, mafi saurin da aka taɓa rubutawa shi ne 27 ga Maris na 1409. Wani bincike da masana na hukumar yanayi ta Birtaniya suka yi tare da Aono, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ɗumamar yanayi da ɗan Adam ya jawo, haɗe da zafin da birni ke tarawa, sun matso da ranar da kimanin kwana 11.

Sauyin ya shiga har cikin gidajen mutane. A Japan shekarar karatu da ta aiki na farawa ne a watan Afrilu, kuma iyaye sun saba ɗaukar hoton yaro ƙarƙashin sakura ranar da ya fara shiga makaranta. A shekaru irin 2021 da 2023 furen Tokiyo ya riga ya zube kafin wannan rana. Can kudu kuma wata matsalar ce, domin itacen na buƙatar sanyi sosai kafin ya farka ya yi fure, in hunturu bai yi sanyi ba sai buɗewar ta zo a warwatse.

Yanzu abokina ya dubi wannan. Bafaden da ya rubuta ranar shagalinsa shekara 1,000 da suka wuce, da an tambayi mutanen zamaninsa wataƙila su ma su ce kashe wando yake yi. Ga shi yau ya zama shaida a babbar shari'ar da duniya ke yi kan sauyin yanayi, tun daga zamanin da ba a ƙirƙiro ma'aunin zafi ba.

Inda Abokina Ke Da Gaskiya

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, kowane allazi da nasa amanu. Da dare ya yi a Ueno na ga waɗanda suka sha suka yi tatul, na ga tulin shara a wasu kusurwoyi. Su kansu Japanawa suna da karin magana, hana yori dango, wato dango ya fi fure, suna yi wa kansu shaguɓe cewa da yawa ciki ne ya kawo su. Wanda ba ya son hayaniyar mashaya yana da zaɓi, domin a lambun Shinjuku Gyoen ana biyan kuɗin shiga kuma an hana shiga da giya.

Siyasa ma ta sa hannu. Daga 1952 zuwa 2019 firayim ministocin ƙasar sun riƙa shirya zaman kallon sakura da kuɗin gwamnati don karrama waɗanda suka yi wa ƙasa hidima. A 2019 mahalarta suka kai kimanin 18,000, 'yan adawa suka zargi Firayim Minista Shinzo Abe da cika wurin da magoya bayansa, sannan aka gano an riga an yayyaga jerin sunayen waɗanda aka gayyata. Dole gwamnati ta soke zaman shekarar 2020.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Yaƙin Duniya na Biyu. Masu mulkin soja sun ɗauki ma'anar furen, cewa kyakkyawan abu ba ya daɗewa, suka juya ta suka ce wa samari su faɗi saboda sarki kamar yadda fure ke faɗuwa. Ɗaya daga rukunonin farko na matuƙan jiragen ƙunar baƙin wake a Oktoban 1944 sunansa Yamazakura, wato sakuran dutse. Wani ɗan jirgi mai ɗauke da bam, wanda matuƙinsa ba ya dawowa, an sa masa suna Ohka, ma'ana furen sakura. Da yawa cikin waɗannan samari ɗaliban jami'a ne kamarmu. Shi kansa Yasukuni, inda itacen awon Tokiyo yake, wurin tunawa da matattun yaƙi ne, kuma ziyarar shugabannin Japan can kan tayar da jijiyar wuya a Sin da Koriya. Wannan darasi ne ga duk mai nazarin adabi, cewa alama mai kyau in ta faɗa hannun mai mulki tana iya zama makami. Amma laifin na wanda ya juya ma'anar ne. Tsohon nan da matarsa da na gani ba su aika ɗan kowa yaƙi ba.

Batun cewa sai wanda ya ƙoshi ke kallon fure kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. Manoman arewacin Japan sun daɗe suna duban furen wasu itatuwan sakura don sanin lokacin zuba irin shinkafa, har suna kiran su sakuran shuka. A wurinsu kallon fure na cikin aikin neman abinci.

Kammalawa

A nan ne na tuna da kakana, wanda da ya ga shamuwa ta dawo kan rimi sai ya ce a fito da iri a gyara fartanya, kuma yana iya gaya maka wace shekara ce ɗorawa ta makara da fure. Idon lura iri ɗaya ne da na manomin Japan. Bambancin shi ne kakana ya tafi da nasa ilimin a ka, na Kiyoto kuwa sun sa kwanan wata sun ajiye.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa shawara ta sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi. Kowace shekara a rubuta, da Hausa, ranar da mangwaron bayan sashenmu ya fara fure, da ranar da aka yi ruwan farko, da ranar da hazo ya fara sauka. Shugabannin da suka sauka su miƙa shi ga masu hawa tare da sauran takardun ƙungiya. Ba zai ci kuɗin da ya kai na lemon taro guda ba. Shekara goma na farko ba abin da zai nuna, wataƙila ma a yi mana dariya. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Shi kuwa abokina, da na gama zayyana masa duk wannan, sai ya ɗaga kai ya dubi mangwaron da muke zaune a gindinsa, ya ce, "Malam, wai yaushe ma wannan ya yi fure bana?" Shekara uku muna zama a wurin, daga ni har shi ba wanda ya iya ba da amsa. A nan zan dasa aya, filin kuma a buɗe yake ga duk mai ganin na yi kuskure.